Jona Kwamfutar Tebur Da Wi-Fi Na Gida: Tambayoyi Da Amsoshi

Aikina gyaran kwamfuta da jan kebul a gidaje da shaguna a cikin garin Bauchi. Ƙorafin da na fi ji a 'yan shekarun nan kusan iri ɗaya ne: mai gida ya sayi rauta, wato akwatin da ke rarraba Wi-Fi a gida, wayoyin kowa sun hau, laftof ma ta hau, amma ga kwamfutar tebur can a kusurwa an lulluɓe ta da zane, ba ta san ana yi ba. Wasu har sun yanke shawarar sayar da ita a wulaƙance. Hakan yana damuna, domin a yawancin gidajen nan wannan kwamfutar ce yaro zai zauna a gabanta ya saba da madannai kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Injiniya, duk wayoyin gida suna ganin Wi-Fi, amma kwamfutar tebur ko sunansa ba ta nunawa. Ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau. Waya da laftof an ƙera su da 'yar na'urar kama Wi-Fi da eriyarta a ciki. Yawancin kwamfutocin tebur da muke saya a nan kuwa na hannu ne, irin su Dell OptiPlex da HP da aka kwaso daga ofisoshin Turai da Amurka, kuma a can kebul ne ke bin bango ya iske kowane tebur, don haka ba a sa musu wannan na'urar ba.

Juya ta ka duba baya. Kusa da ramukan USB za ka ga wani rami mai kusurwa huɗu, kamar na tsohuwar wayar tarho ta kan tebur amma ya fi faɗi, sau da yawa da 'yan fitilu biyu a bakinsa. Wannan shi ne ramin Ethernet, kuma ta nan aka yi ta don ta sha intanet.

To wace hanya ce ta fi?

Kebul. In dai akwai yadda za a yi kebul ya tashi daga rauta ya iso kwamfutar, kada ka nemi wata dabara. Ba ruwansa da kaurin bango, ba ruwansa da Wi-Fi na maƙwabta, ba ya neman kalmar sirri, kuma ba ya yankewa don wani ya rufe ƙofa.

Duba bayan rautar. Za ka ga ramuka irin wancan na bayan kwamfuta, wata tana da ɗaya, wata biyu, wata huɗu ko biyar. Waɗanda aka rubuta LAN a ƙarƙashinsu su ne naka. Soka kai ɗaya na kebul a nan, ɗaya kan a bayan kwamfuta, ka tura har sai ka ji ya yi ƙas. Fitilar bakin ramin za ta kama, ta fara ƙyaftawa. Cikin daƙiƙu kaɗan rautar za ta ba kwamfutar lambar adireshi da kanta, ta tsarin da ake kira DHCP, ba sai ka rubuta komai ba.

Abu ɗaya ne ke yawan kayar da mutane: ramin WAN. Shi ma kamarsu ɗaya, sai dai sau da yawa launinsa daban ne. Ta nan intanet ke shigowa rauta daga waje, ba ta nan yake fita ba. Na taɓa zuwa wani gida a Fadaman Mada inda wani dattijo ya kwana uku yana fama, har ya sake sayen kebul, ashe a WAN ya soka. Matsar da shi rami ɗaya kawai muka yi. A wasu rautocin da ake sa wa layin waya, irin na MTN ko Airtel, akwai rami mai rubutun LAN/WAN a haɗe, wannan yana aiki ta kowane ɓangare, kana iya amfani da shi.

Idan na jona kebul, Wi-Fi na sauran mutanen gida zai tsaya?

A'a. Rauta tana ba da duka biyun a lokaci guda. Sai dai ka sani daga tukunya ɗaya kowa ke ɗiba, datar da ke kan layin rautar ita kwamfutar za ta ci.

Wane irin kebul zan ce a ba ni, kuma tsawonsa zai iya kai nawa?

Ka ce Cat5e ko Cat6. Kowannensu yana ɗaukar gudun gigabit ɗaya har zuwa mita 100, wanda ya fi ƙarfin intanet ɗin da ke shigowa yawancin gidajenmu nesa ba kusa ba. Kada ka wuce mita 100 a zare ɗaya. Masu kayan kwamfuta a wajen Wunti suna yanka maka daidai tsawon da ka auna, su matsa maka kai biyu. Ka auna hanyar da kebul zai bi, da hawa bango da sauka, ba tazarar ɗaki da ɗaki a miƙe ba, sannan ka ƙara mita biyu ko uku.

A nan zan ɗan tsaya, domin an cuci mutane da yawa. Kebul na ƙwarai jan ƙarfe ne zalla a ciki. Akwai mai araha wanda alminiyam ne aka yi wa fentin jan ƙarfe, a kwalinsa wani lokaci za ka ga an rubuta CCA. A gajeren zango yana aiki, amma yana saurin karyewa, kuma a dogon zango sai ya riƙa yankewa ba dalili. Ka ce a fere maka zare ɗaya, ka kankare shi da reza. In ka ga fari yana leƙowa daga ƙarƙashi, alminiyam ne.

A cikin kebul akwai zare 8, an murɗe su biyu-biyu. Tsarin da aka fi bi wajen matsa kai shi ne T568B: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kai biyun duka iri ɗaya. Gudun megabit 100 zare huɗu kawai yake buƙata, gigabit kuwa, wato megabit 1000, sai duka takwas. Shi ya sa wani lokaci kebul zai yi aiki amma kwamfuta ta nuna 100 kawai, zare ɗaya ne bai matsu ba. Kafin ka bar shagon ka ce a gwada maka shi a na'urar gwaji, ka ga fitilu takwas sun bi layi da idonka.

Rautar tana falo, kwamfutar kuma tana ɗakin da ke kusa da zaure, tsakar gida ce a tsakani. Yaya zan yi?

Da farko ka tambayi kanka ko rautar za ta iya matsawa. Sau da yawa ba za ta iya ba, domin an ajiye ta ne a bakin tagar da sabis ya fi ƙarfi. In haka ne, kebul ne zai yi tafiyar.

In rufin ɗaya ne, ta cikin silin ya fi, amma a zura shi a bututun roba irin na masu wayarin, saboda ɓeraye suna son wannan kebul ƙwarai. Kada a ɗaure shi jiki da jiki da wayar wuta na dogon zango, a bar tazara ko da taƙi ɗaya ne. In zai ratsa tsakar gida, kada a bar shi tsirara a rana. Ranar Maris da Afrilu ta Bauchi tana busar da robar kebul na cikin ɗaki har ta tsage, damina ta zo ruwa ya shiga. Ko dai a sayi wanda aka yi don waje, mai baƙar riga mai kauri, ko a binne shi cikin bututu.

Abin da ba na so sam shi ne a rataya kebul a sama daga kwanon wannan ɗaki zuwa kwanon wancan kamar igiyar shanya. Tsawa ba sai ta faɗo a kan gidanka ba, in ta faɗi kusa ma dogon kebul yana ɗaukar ƙarfinta ya kai wa na'ura. Na sha ganin kwamfutar da komai nata ke aiki sai ramin Ethernet kaɗai ya mutu bayan ruwan dare. In hadari ya haɗu, a zare kebul ɗin kamar yadda ake zare eriyar talabijin.

Gidan haya nake, mai gida ya ce kada a huda masa bango.

Maganarsa ce a bi. Sai ka saya wa kwamfutar abin da ba a haife ta da shi ba, wato 'yar na'urar kama Wi-Fi ta USB. Kamarta ɗaya da filash, TP-Link da Tenda da wasu kamfanoni suna yin ta. Akwai 'yar mitsitsiya wadda ba ta wuce farce ba, akwai mai eriya. In ɗaki ɗaya suke da rauta, ƙaramar ta isa. In akwai bangon bulo biyu a tsakani, sayi mai eriya.

Windows 10 da 11 suna gane yawancinsu da an soka. In ba ta gane ba, direba take nema, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar, kuma a nan ake shiga tsaka mai wuya: direban yana intanet, kwamfutar kuma ba ta da intanet. Sai ka sauke shi a wayarka daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, ka duba lambar samfurin da ke jikin kwali, ka tura wa kwamfutar ta kebul ɗin caji.

Wata 'yar dabara da ke canza komai: kada ka soka ta a bayan kwamfuta in kwamfutar tana ƙarƙashin tebur a jikin bango. Akwatin ƙarfe ne, yana tare sigina. Sayi kebul na ƙarin tsawo na USB, mita ɗaya ko biyu, ka ɗago na'urar ta hau kan tebur tana kallon ɓangaren da rauta take. Na ga sandar sigina ɗaya ta koma huɗu da wannan kawai.

In rautarka tana ba da suna biyu, ɗaya na 2.4 GHz ɗaya na 5 GHz, na farkon ya fi ratsa bango, na biyun ya fi gudu amma a kusa. Ƙananan na'urori masu araha da yawa 2.4 kawai suke gani, ka karanta kwalin kafin ka biya. Wanda ba ya tsoron buɗe kwamfuta yana iya sa katin Wi-Fi a wani rami na cikinta da ake kira PCIe, ya fi ƙarfi da ɗorewa. In kwamfutar irin siririyar nan ce, ka tabbata katin ya zo da gajeren ƙarfen ɗaurewa, in ba haka ba murfin ba zai rufu ba.

Ni MiFi kawai gare ni, ba shi da ramin kebul ko ɗaya.

Yawancin MiFi suna ba da intanet ta ramin cajinsu. Jona shi da kwamfuta ta kebul na USB, ka ɗan jira, za ka ga ta ɗauke shi tamkar kebul aka soka, kuma Wi-Fi ɗinsa na ci gaba da yi wa wayoyi aiki. Sai dai kebul ɗin ya zama mai ɗaukar bayanai. Akwai na caji zalla, waɗanda zare biyu ne kawai a ciki, da su ba abin da zai faru. Ka kuma riƙa duba batirin, domin MiFi da ke kwana ya wuni a jone cikin zafi batirinsa yana kumbura. Da ka ga murfin ya fara ɗagowa, ka canza shi.

Wayar Android ma tana yin wannan aikin. Jona ta, ka shiga Settings, ka nemi Hotspot and tethering, ka kunna USB tethering. A yawancin wayoyi, in wayar tana kan Wi-Fi na gida, shi za ta miƙa wa kwamfutar ba datar layinta ba. Tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da ke kwance a durowa ta isa ta zama na'urar kama Wi-Fi ta dindindin.

An ce akwai na'urar da ke kama Wi-Fi ta fitar da shi ta kebul.

Akwai. Na'urar ƙara zangon Wi-Fi da ake sokawa a soket, da yawansu suna da ramin Ethernet a ƙasa. Ka haɗa ta da Wi-Fi na gida sau ɗaya, ka ajiye ta inda sigina ke da ƙarfi, sai gajeren kebul ya ƙarasa zuwa kwamfuta. Amfaninta shi ne ba ruwanka da direba, ko wace irin tsohuwar kwamfuta ce za ta karɓa. Wasu tsofaffin rautoci ma suna da wannan tsari a cikinsu, da sunan Client ko WISP. Kuskuren da ake yi shi ne a kai ta can ɗakin da siginar ta riga ta mutu. Abin da ba ta ji ba, ba za ta maimaita ba. Tsakiyar hanya ake sa ta.

Ita kuma wadda ke bi ta wayar wutar lantarki fa?

Ana kiranta Powerline, biyu ake saya, ɗaya kusa da rauta ɗaya kusa da kwamfuta. Ba na ba mutanenmu shawararta. Tana son soket biyun su kasance a kan layin wuta ɗaya mai tsabta, mu kuwa gida ɗaya za ka tarar wannan ɗaki yana kan inbata, wancan yana kan wutar gari, ga canjin layi zuwa janareta, ga sitabilaiza a tsakani. Kowanne daga cikinsu yana iya datse ta.

Ramukan rautar sun cika, ko kuma ɗaya ne tal.

Sayi suwic na intanet, wato ɗan akwatin da ke ƙara ramukan kebul, mai rami 5 ko 8. Kebul ɗaya daga rauta zuwa gare shi, sauran ramukan na kwamfutoci ne da firinta. Ba a saita masa komai, wuta kawai yake so.

Na soka, fitila ta kama, amma shafi ba ya buɗewa.

Fara da wayarka: ita tana buɗe shafi a kan wannan Wi-Fi? In ba ta buɗewa, matsalar data ce ko sabis, ka bar kwamfutar ta huta.

In wayar tana aiki, danna madannin Windows tare da R, ka rubuta cmd, a baƙin allon da ya fito ka rubuta ipconfig. Nemi layin IPv4 Address. In lambar ta fara da 192.168, rautar ta ba ta adireshi, an yi rabin tafiya. In ta fara da 169.254, kwamfutar ta yi sallama ba a amsa ba, sai ta laƙa wa kanta lamba. Canza rami, canza kebul, kashe rautar ka ƙirga talatin ka kunna.

In ka ga wata baƙuwar lamba da ba ta yi kama da ta wayarka ba, mai yiwuwa ofishin da kwamfutar ta fito ne suka kafe mata adireshi da hannu. Windows da R, rubuta ncpa.cpl, danna dama a kan Ethernet, shiga Properties, buɗe Internet Protocol Version 4, ka zaɓi Obtain an IP address automatically, haka ma na DNS da ke ƙasa.

Sai kuma wanda ya fi ɓoyewa: agogo. Dubi kwanan wata a kusurwar allo. Kwamfutar da ta daɗe a ajiye, 'yar batirinta mai kama da kwabo da ke kan babban allon ciki, CR2032, ta mutu, sai ta farka tana zaton shekaru goma baya ake. Shafukan intanet suna da takardar shaida mai wa'adi, in kwanan watan kwamfuta bai dace ba sai burauza ta ƙi buɗewa, ta ce haɗin ba amintacce ba ne. Wata malamar makaranta a Yelwa ta kusa biyan kuɗin sake zuba Windows saboda wannan. Batirin da masu gyaran agogo ke sayarwa ne ya raba gardama.

Malam, tun da na jona ta, datar wata guda ta ƙare a kwana biyu!

Wannan ya kamata in faɗa maka tun kafin ka soka kebul, kuma shi ne abin da na fi so kowa ya riƙe daga shafin nan. Windows tana ɗaukar duk intanet da ya shigo ta kebul a matsayin wanda ba shi da iyaka, domin inda aka ƙera ta haka abin yake. Kwamfutar da ta shekara ba ta ga intanet ba kuwa tana da bashin sabuntawa mai yawa, gigabait a kan gigabait. Da ta ji hanya ta buɗe sai ta hau sauke su a ɓoye, kai kana ganin ba ka buɗe komai ba.

Da zarar haɗin ya kama, kafin ka buɗe burauza, shiga Settings, Network & Internet, Ethernet, ka danna sunan haɗin, ka kunna Metered connection. In ta Wi-Fi ka haɗa, a ƙarƙashin sunan Wi-Fi ɗin za ka same shi. Wannan yana gaya mata cewa datar nan da kuɗi ake awonta. Sannan a sashen Windows Update ka nemi Delivery Optimization ka kashe, domin yana iya sa kwamfutarka ta riƙa tura wa wasu kwamfutoci abin da ta sauke.

Ban ce a hana ta sabuntawa har abada ba, wannan ma haɗari ne. Ka zaɓi lokacin da kanka: ranar da ka sayi datar dare mai rahusa, ko ka ɗauke ta zuwa inda intanet ba shi da iyaka, ta sha ta ƙoshi sau ɗaya. Ka duba kuma ko OneDrive ko Google Drive suna kwashe hotunan da ke ciki suna turawa ma'ajiyarsu ta intanet. A shafin Data usage za ka ga wace manhaja ce ta fi ci, da adadin abin da ta ci a kwana 30.

Starlink muke da shi a gida. Daidai ne da sauran?

Daidai ne, sai dai ka duba irin rautar. Starlink ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, kuma rautar ƙarni na biyu da aka fi sayarwa a lokacin ba ta da ramin Ethernet ko ɗaya, sai an sayi wata 'yar mahaɗa daban. Ta ƙarni na uku tana da rami biyu a baya, ƙarƙashin murfin roba.

Windows 7 ce a kanta. Ba matsala in ta hau intanet?

Akwai matsala. Microsoft ta daina toshe ɓarakar Windows 7 tun Janairun 2020, Chrome ma ya tsaya a kanta a siga ta 109. Za ta buɗe shafuka, amma kada a shiga asusun banki da ita, kada a rubuta lambar BVN ko NIN. Windows 10 ita ma wa'adin tallafinta na yau da kullum ya cika a 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ga wanda buƙatarsa burauza ce da rubutu da atisayen jarrabawa ta intanet, ina zuba masa Linux Mint, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma tana gane ramin Ethernet ba tare da neman direba ba. In akwai wata manhajar atisaye da sai a Windows take tashi, ka faɗa wa mai gyara tun kafin ya goge komai.

Duk lokacin da aka ɗauke wuta sai mun jira rautar ta sake tashi, ko da an tada inji.

Yawancin rautoci wutar bolt 12 suke ci, kaɗan ce ƙwarai. Akwai ƙaramin akwatin batiri da ake sa wa tsakanin caja da rauta, yana riƙe ta na sa'o'i, wayoyi ba za su ma san an ɗauke wuta ba. Karanta abin da aka rubuta a jikin cajar rautarka kafin ka saya, domin akwai masu bolt 9 da masu 5, kuma girman bakin ma ya bambanta, gara ka tafi da cajar shagon a gwada. Kwamfutar tebur kuwa wannan akwatin ba zai ɗauke ta ba, ita UPS take so, wato babban akwatin batiri na kwamfuta, ko da wanda zai ba yaro minti goma ne ya adana aikinsa ya kashe ta yadda ya kamata.